Sunan Yaya a Bakin Inno

Asabar, bayan la'asar

Yau an zo gidanmu da kyamara. Ni da na ɗauka in an ce 'yan fim za a ga mota mai baƙin gilashi da mata masu dogon gashin ido, sai ga mutum biyu a kan babur ɗaya, taɓon hanyar Dutsin-Ma ya fantsama musu har gwiwa. Macen sunanta Anti Hamdiyya, siririya, mai tabarau, ko jan baki ba ta sa ba. Namijin Mutawakkil, shi ke riƙe jaka, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Baba.

Ta bayan labulen Inno na leƙa su. Littafina yana hannuna, an zo daidai inda jarumar za ta gane direban gidansu ɗan masu hali ne, amma wallahi na kasa komawa kansa.

Saboda Yaya suka zo. Yaya Saifullahi. Tun da aka tafi da shi bayan zanga-zangar tsadar abinci, a gidan nan sai dai a ce "abin da ya faru".

Baba ya ce su dawo gobe, zai yi tunani.

Lahadi, da hantsi

Baba ya yarda. Ya ce ba don yana son hoto ba.

Lahadi, bayan magariba

Na yi magana da ita! Na kai mata ruwa, ta ce, "Ke ce Fiddausi? Zauna mana, ba na cizo." Na zauna a bakin tabarma ina wasa da zaren hijabina. Can na ji bakina ya ce, "Anti, waye jarumin fim ɗin?"

Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce irin nata ba shi da jarumi, ba waƙa, ba wanda ake rubuta wa abin da zai faɗa. Mutane ne na gaske suke ba da labarin abin da ya same su. Samarin da aka kwashe daga garuruwa daban-daban take bi gida-gida.

Ta nuna mini wani guntu a wayarta, na wata ƙasa da mutanenta suka fito suka ce sun gaji da mai mulkinsu. Jama'a sun cika fili har ba a ganin ƙasa. Wata mata ta hau kan mota tana ɗaga murya, maza suna amsa mata. Wani tsoho yana raba shayi kyauta. Na ce, "To a ƙarshe sun ci nasara?" Ta ce, "Sun cire shi. Sai wani ya hau." Na ce, "Shi ke nan?" Ta ce, "Ƙanwata, irin wannan fim ba ya ƙarewa da ɗaurin aure."

Na yi ta tunanin matar nan ta kan mota. Ko da ta koma gida uwarta ta yi mata faɗa? Ko ita ta yi tuwon dare ranar?

Yaya ya kan ce dimokuraɗiyya ita ce ka tambayi mai mulki ina aka kai abin jama'a, kuma ka kwana a ɗakinka. Ni lokacin dariya nake masa.

Talata, bayan azahar

An ɗauki Baba a zaure. Mutawakkil ya maƙala masa wani ɗan ƙaramin makirufo a wuyan riga, Baba ya ce, "Wannan ƙwaron ba ya harbi dai ko?" Tambaya ɗaya Anti ta yi masa, ya kama bayani a kan haƙuri, ya jawo aya, ya jawo kissa, har batirin kyamara ya mutu bai sani ba. Ba wanda ya iya tsayar da shi.

Ina lura da wani abu. Duk ruwan da aka kawo, Mutawakkil sai ya fara miƙa wa Anti. In ta yi magana yana kallon ƙasa yana murmushi. Na san irin wannan. Sonta yake yi, ya kasa faɗa.

Laraba, da yamma

Yau ranar Inno ce, kuma abin bai yi daɗi ba.

An shimfiɗa mata tabarma a gindin dalbejiya. Ta sa mayafinta na unguwa. Anti ta zauna kusa da ita, ta ce a hankali, "Inno, ki fara da faɗa mana sunan ɗanki."

Inno ta dubi katanga. Ta ce, "Ni mi zan ce a kan ɗan mutane? Ku tai Rawayau, can uwarshi take."

Anti ta sake tambaya ta wata hanya. Inno ta ce ta bar wake a wuta. Babu wani wake a wuta. Ta tashi ta shige ɗaki, makirufon yana maƙale a jikinta, sai da na bi ta na ciro.

Yaya ɗan fari ne. Ana yaye shi kakarmu ta wajen uba, Kaka Yahanasu, ta ɗauke shi zuwa Rawayau, sai da ya isa shiga sakandare ya dawo Kurfi. Tun da nake ban taɓa jin Inno ta kira sunansa ba. In tana nemansa ta ce, "Kira mini yaron Rawayau." In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Ko ɗan maƙwabta mai irin sunan, "mai sunan wancan" take ce masa. Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin, haka duk matan unguwarmu masu kunya suke yi. Ban taɓa ganin abin a matsayin wani abu ba sai yau da kyamara ta tsaya tana kallonsa.

Anti ba ta yi fushi ba. Ta ce ta sani, kakarta ma haka take. Amma ta daɗe tana goge tabarau.

Alhamis, da safe

Inno ta zuba tuwo a kwanon Yaya mai murfi shuɗi, ta tuna, ta juye a na Baba.

Asabar, bayan isha'i

Mun je Rawayau. Baba ya ce in raka su don in nuna musu gida. An fara yankan gero, duk hanya dammuna a jingine, mata suna roron wake. Sau biyu muka sauka daga babur muka tura.

Kaka kam kamar an haife ta a gaban kyamara. Ta sa aka ɗauko mata kujerar tsuguno, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce, "In fara?"

Ta ce, "Saifullahi mijina ne. Sun ɗauke mini miji ana tsakiyar girbi, wa zai ɗaure mini dami? Ko da yake rago ne, daminshi tun a hanya yake kwancewa. Sai surutun tsiya, wai haƙƙin talaka. Na ce kai, fara ba ni haƙƙina na cefane tukuna. Amma ku gaya musu su maido mini abuna, ragon nawa nike so."

Mutawakkil yana ta danne dariya har kyamara na rawa. Kaka ta ce, "Kai mai ido ɗaya a rufe, kana da mata? In sun ƙi sako wancan, kai zan aura." Sai kuma ta ja bakin zane ta rufe fuska. Ba wanda ya ce a kashe kyamara.

A hanyar dawowa Anti ta ce, "Yanzu in na rubuta wannan da Turanci a ƙasan hoto, 'yan Abuja za su karanta uwarsa ta ce ba ɗanta ba ne, kakarsa ta ce mijinta ne. Su ce wane irin gida ne wannan?" Muka yi dariya. Daga baya na ga ita ba dariyar take yi sosai ba.

Litinin, da rana

Ashe Mutawakkil ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da mata har da 'yan biyu. Na ji kunya kamar na faɗa wa wani.

Laraba, bayan la'asar

Baba ya aike ni Dutsin-Ma in kai wa Anti hoton Yaya na makaranta. A ɗakin bayan shagon goggonta suke aiki, ga buhunan shinkafa, ga kwamfuta a kan benci, janareton mai walda yana ta ƙara a waje.

Ta ce in zo in ga farkon fim ɗin.

Ba kiɗa, ba komai. Fuskar wata mata ce ta fito, ta kalle ni tsakiyar ido, ta faɗi sunan ɗanta da garinsu. Sai wata. Sai wata mai goyo. Wata ta faɗa da ƙarfi kamar tana kiransa cin abinci. Wata sai da ta haɗiye yawu. Tsigar jikina ta tashi. Bayan wata tsohuwa 'yar Funtuwa sai allon ya yi baƙi, ya ɗan jima, sannan wata ta fito.

Na ce, "Wuta ce ta ɗauke?" Anti ta ce, "A'a. Wurin Inno ne."

Ta yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye. Ƙarshen wata za a nuna fim ɗin a Abuja, gaban lauyoyi masu tsaya wa mutane kyauta da 'yan jarida. Lauyoyin ba su da yawa, yaran suna da yawa. Wanda aka ga uwarsa, aka ji labarinsa, shi ake tunawa a nemi takardunsa. Kuma kowane labari da muryar uwa yake buɗewa, haka ta gina shi tun farko, masu taron ma a kan haka suka karɓa. In babu Inno, Yaya zai koma cikin sunayen da ke wucewa a ƙarshe.

Na ce, "Ai nan ma ana gani." Ta ce, "Lokacin mutane sun tashi suna neman takalmansu."

Na ce ko ni in faɗa? Ta riƙe hannuna ta ce muryata da daɗi, amma ba ni na haife shi ba. Na ce to Kaka? Ta ce ta gwada, ta aika musu, sun ce abin dariya ya yi yawa a wurin da ba na dariya ba.

Na ce su sauran matan ba 'ya'yan fari ba ne nasu? Ta ce wasu na fari ne, amma 'yan birni ne. Ɗaya kuma ta yi kuka kwana biyu kafin ta yarda.

A mota na yi ta tunani. A littattafaina in uwa tana son ɗanta rungume shi take, ta ce "ɗana, farin cikina". Ban taɓa tambayar kaina ba a wane gari ake yin haka. Yanzu ta yaya zan faɗa wa Inno maganar baƙin wurin nan?

Alhamis

Ban faɗa mata ba.

Juma'a, bayan sallah

Ban faɗa mata ba. Na karanta shafi ɗaya sau uku.

Kawu Mamuda, ƙanin Baba, ya je ya gano Yaya can inda ake tsare da su. Ya ce yana nan yadda yake, har ya zama limamin ɗakinsu, wai ya ce a gaya wa Kaka kar ta kuskura ta yi aure. Kowa ya yi dariya. Inno tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, amma rariyar ta tsaya har Kawu ya gama.

Kawu ya rage murya ya ce wa Baba an fara kwashe wasu ana kai su nesa. Na ji. Ita ma ta ji.

Lahadi, da hantsi

Muna ɓarar gyaɗa mu biyu. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ke, rannan da kika je Dutsin-Ma, mi kika gani a akwatin nasu?"

Na faɗa mata duka. Matan, da baƙin wurin, da maganar takalma. 

Ta ce, "Waɗanda ba a kira ba, mi ake yi da su?"

Na ce ban sani ba. Na ce wataƙila ba a yin komai da su. Suna nan dai.

Ta ci gaba da ɓara. Can na lura ɓawon take zubawa a kwano, gyaɗar a ƙasa. Na riƙa tsincewa.

Ina so in san abin da ke cikin kanta. In ita kaɗai ce, a zuci, da wane suna take kiransa? In tana masa addu'a a sujada, Allah ma "yaron Rawayau" take ce masa?

Talata, bayan la'asar

Kaka ta zo Kurfi ba sanarwa, a bayan babur, da ƙullin kuka da daddawa. Baba ne ya aika mata, na gane daga baya.

Ta shiga ɗakin Inno ta ce in fita. Na fita na tsaya a bayan taga ina shanya kayan da suka riga suka bushe.

Na ji Kaka ta ce, "Ke 'yar nan, tun da kika shigo gidan nan ban taɓa kama ki da rashin kunya ba. Ko a gaban kowa zan faɗa."

Sai Kaka ta ci gaba.

"Yaron nan nawa ne, ni na goya shi, ni na yi mashi kaciya. To na ara maki shi. Yini ɗaya. Ki kira shi yadda za su ji, da magariba ki maido mini abuna. Duk wadda ta ce uffan a unguwar nan, ki turo mini ita Rawayau."

Inno ta ce wani abu ban ji ba. Kaka ta ce, "Bakin zai iya. Ai ba dutse ba ne."

Alhamis, bayan azahar

Yau ne.

Inno ta kafa sharaɗi: ba namiji a cikin gida. Baba ya tafi masallaci tun kafin lokaci. Mutawakkil ya saita komai, ya sa mini wani abu mai kumfa a kunnuwa biyu, ya ba ni sandar makirufo. Ya ce, "Ki riƙe sama da kanta, kar ki yi motsi, in kin ji kaza ta yi kuka ki ɗaga hannu." Ya fita zaure. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Abin kunnen nan abin mamaki ne. Ina jin komai kusa-kusa, har ƙarar awarwaronta, har numfashinta.

A ɗaki aka yi, ba a tsakar gida ba. Kaka ta zauna a bakin ƙofa ta ba mu baya. Anti ta ce, "Duk lokacin da kika shirya, Inno."

Ta buɗe baki ta rufe. Ta gyara mayafi. Hannuna ya fara ciwo. Wata kaza ta yi kuka a waje, ban ɗaga hannu ba.

Sai ta dubi gilashin kyamarar, ba bango ba, ta ce, "Saifullahi."

A hankali ta faɗa, gaɓa-gaɓa, kamar mai taka tsani a duhu. A cikin kunnena ya sauka, kamar ni take gaya wa.

Ta ce, "Saifullahi Tukur, na Kurfi. Ni na haife shi. Shi ne na fari." Ta ɗan tsaya. "Ba ya cin yaji. In da mai iya gaya masu."

Shi ke nan. Ta miƙe ta ce an gama? Anti ta gyaɗa kai.

Shekara da shekaru ina son in ji yadda zai fito a bakinta. Da na ji, sai na ji kamar na shigo tana wanka. Na ajiye sandar na tafi bayan rumbu.

Da aka kira magariba Kaka ta leƙa ta ce, "To, lokaci ya yi, a ba ni abuna." Inno ta ce, "Ga shi nan, Kaka." Ba ta ci tuwo ba.

Asabar

Kande ta maƙwabta ta ce wa wata a bakin rijiya, da ƙarfi don in ji, "Zamani ke nan, har a talabijin ake kiran ɗan fari." Na cika bokitina na tafi. Rabin ruwan a hanya ya zube.

Inno ta koma cewa "yaron Rawayau".

Laraba, da yamma

Anti ta kira wayar Baba daga Abuja. An nuna. Wata lauya mai suna Barista Hawwa'u ta same ta bayan an tashi, ta ce a ba ta takardun yaron Kurfi, wanda ba ya cin yaji. Za ta nemi belinsa. Ba ta yi alkawarin komai ba.

Baba ya yi ta hamdala. Na ruga na gaya wa Inno. Ta ce, "To. Kin kwashe shanyar?"

Na tambayi Anti ko an yi tafi. Ta ce ba a tafi a irin wannan.

Litinin, bayan isha'i

Na ga Yaya. Baba ya tafi da ni, karo na farko.

Ya rame, an aske masa kai, amma bakin yana nan. Yana hango ni ya ce, "A'a, Hajiyar soyayya! An ɗaura auren ko har yanzu ana kuka a lambu?" Ya ce abincin wurin ya fi na Kaka, kar a gaya mata. Ya ce lauyar ta zo, mai kirki ce, amma shi bai san yadda aka yi ta san da zamansa ba, cikin mutane masu yawa haka. Ya ce, "Ko kyawuna ne ya kai Abuja?"

Baba ya ce fim ne. Ya juya yana magana da mai gadin wurin a kan maganin da muka kawo.

Ban yi niyyar faɗa ba. Na matso kusa da wayar ƙarfen da ke tsakaninmu na ce, "Yaya, Inno ce. Ta faɗi sunanka."

Ya yi dariya. Ya ce, "Ke dai littattafan nan sun gama da ke."

Na ce, "Wallahi. Ni na riƙe makirufo. Ta ce ita ta haife ka."

Dariyar ta tsaya a fuskarsa, ba ta tafi ba, ba ta kuma ci gaba ba. Ya dubi hannunsa. Ya dubi Baba, Baba ya kau da kai. Duk hayaniyar masu ziyara tana ta tafiya a gefenmu.

Ya ce, "Da bakinta?"

Na ce e.

Sannan ya ce a hankali, ba ni yake tambaya ba, "Ashe abin nawa ya kai haka."

Aka buga ƙarfe lokaci ya cika. Bai sake yin wasa ba. Da zai juya ya ce, "Ki gaishe da mutanen gida."

Da muka dawo Inno tana bakin murhu. Na ce mata, "Ya ce a gaishe da mutanen gida." Ta tura itace cikin wuta ta ce, "Suna amsawa."